Wata Ɗaya Cif

Ni nake ɗaukar jakar Barista Hadi Gwammaja.
Shekara tara ke nan ina bin ƙeyarsa
daga hawa na biyu a Titin Gidan Zoo
zuwa barandar kotu a Bompai.
Ina gane nauyin shari'a tun kafin a buɗe fayil.

Na Alhaji Ɗanjummai ya fi kowanne cin kafaɗa.
Fili ne a Rijiyar Zaki,
mutum uku, kowa da takardarsa, kowa da rantsuwarsa.
Zama goma sha bakwai muka yi.
Ran da alƙali ya ce nasa ne
ya rungume Barista har hular gashi ta faɗi,
ya ce, "Gobe da hantsi za ka ji alat."
Goben nan ta yi haƙora,
har an yaye ta.

Na ce, "Yallaɓai, kai da ke maka mutane a kotu,
wannan me ya hana?"
Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga.
"Salmanu, askar da nake aske wasu da ita
ba ta san ni ne wanzami ba.
Lauya ba ya ƙarar wanda ya tsaya wa
sai ya rubuta masa takardar lissafi,
aiki-aiki, rana-rana, kowanne da kuɗinsa,
ya sa hannu,
a miƙa masa, ko a bari a adireshinsa na ƙarshe,
ko a tura ta gidan waya.
Sannan ka naɗe hannu wata ɗaya cif.
Ka yi gaggawar kwana guda, ƙararka ta zube."

Ni na buga ta.
Duba takardu a ma'aikatar filaye: kaza.
Shigar da ƙara: kaza.
Tambayar shaida na uku, mai gardamar nan: kaza.
Na nemi layin da zan sa ranar da muka tura mota
daga Kofar Nassarawa cikin ruwan Agusta.
Babu.
Babu layin albashina na wata biyu,
ko na bashin mai shayin ƙasan bene
da yanzu yake gaishe ni da ido kawai.

Na shiga Kwari da ambulan a ƙirji.
Yaron shago ya ce Alhaji ya yi tafiya,
ga takalmansa kuwa a bakin tabarma,
har da ɗuminsu.
Na zauna kan dilar atamfa
har tari ya tona shi daga bayan labule.
Ya karanta, yatsa na bin layi kamar mai awon yadi.
"Duk wannan kuɗin don magana?
Ai gaskiyata ce ta ci, shi tsayawa kawai ya yi."
Na ce, "In ya yi maka yawa, kai ma doka ta ba ka dama,
ka nemi kotu ta auna lissafin.
Ni dai sa mini hannu a nan."
Ya sa, kamar mai yanka kansa.

Sai ƙirge.
Kalandar banki a bango, biro ja a hannuna.
Kwana tara, shiru.
Kwana ashirin, muka ga tifa na sauke yashi a filin.
Ana saura kwana biyu aka aiko shadda yadi biyar,
wai a sa albarka.
Barista ya shafa ta, ya ce mai kyau ce,
mayar masa.

Da watan ya cika, har da kwana ɗaya na kunya,
ya aike ni sayo sabon fayil.
Gurbin mai ƙara, inda ya rubuta sunan rabin Kano,
ya daɗe yana kallo
kafin ya sa nasa.

Yau a baranda na hango Alhaji
da sabon lauya, matashi, takalmi na sheƙi,
yana dafa masa kafaɗa, yana cewa gobe da hantsi.
Na matsa kusa da yaron da ke riƙe musu jaka.
Na ba shi rabin gorona.
Na ce, "Ɗan'uwa, kuna da kalanda a ofis?"